Littattafan Cikin Kabad

Malam Abdulƙadir ya daɗe yana kula da ɗakin karatun da wata ƙungiyar ci gaban unguwa ta gina a Dutsin-Ma. Wasu daga cikin yaran da ya fara ba aron littafi, yanzu 'ya'yansu ne ke zuwa. Falo ne guda ɗaya mai tsawo, da kantocin katako, da fankoki biyu, ɗaya ta daina juyawa tun bara. A bayan teburinsa akwai wani kabad na ƙarfe da yake kullewa. A ciki yake ajiye littattafan soyayya, da na likitanci masu hotunan jikin mutum, da waɗanda malamai suka rubuta suna yi wa juna raddi. Duk mai so sai ya zo ya tambaya. Malam ya dube shi, ya ji abin da yake nema da dalilinsa, sannan ya ba shi ko ya ce ya dawo in ya ƙara girma.

Da ya kusa ajiye aiki, kwamitin ƙungiyar ya ɗauko masa mataimakiya, Lubna, wadda ta karanci aikin laburare a jami'a. Yarinya ce mai ladabi, ba ta taɓa wuce shi ba tare da ta rusuna ba, kuma a makonninta na farko ta sake jera kantocin da suka hargitse. Ya ji daɗinta. Sai ranar da ta tsaya gaban kabad ɗin.

"Baba, waɗannan fa me suka yi aka ɗaure su?"

"Ba su yi komai ba," in ji shi. "Ba kowa ne ya isa karanta su ba."

"Wa ke yanke wanda ya isa?"

"Ni."

Ta yi murmushi, ta ce a makaranta an koya musu cewa aikin ma'aikacin laburare shi ne ya buɗe hanya, mai karatu ya zaɓi abin da yake so. Ta ce akwai 'yan matan da ke karatun jinya da ke buƙatar littattafan likitancin nan, amma kunya ta hana su zuwa gaban dattijo su tambaya. Ta ce abin da yake ɓoyewa ma, wanda ya fi shi muni yana cikin wayar kowane yaro.

Malam Abdulƙadir ya cire tabarau ya murtsuke idanu. "Wayar ba ni na ba su ba, Lubna. Amma abin da ya fita daga ɗakin nan, da hannuna ya fita. Iyaye suna turo mana yara ne don sun san akwai babba a ciki. Mai kemis ma ai ba ya barin kowane magani a kan kanta."

"Littafi ba guba ba ne, Baba."

"Wani littafin, ga wani yaron, a wasu shekarun."

Ba su yi faɗa ba. Ta kai maganar gaban kwamiti, a gabansa, da izininsa. Shugaban kwamitin, Alhaji Muhammad Sani, mutum ne mai son a ce wurinsu ya tafi da zamani. Ya saurari kowa, ya ce a gwada tsarin Malama Lubna. Malam ya miƙa makullin. Washegari littattafan suka hau kanta.

Gaskiya masu karatu sun ƙaru. 'Yan makarantar jinya suka riƙa cika teburin ƙarshe. Malam yana gani, kuma bai musa ba. Amma yana ganin 'yan sakandare ma suna zagaya kantar littattafan soyayya, suna cusa su tsakanin littattafan lissafi. Sai ya kau da kai.

Cikin waɗannan yaran akwai Na'ima, 'yar Kurfi da ke zaune wurin gwaggonta a Dutsin-Ma saboda makaranta. Tana ajin ƙarshe, kuma kusan kullum tana ɗakin daga tashin makaranta har la'asar. Da aka yi hutu ta tafi gida da wani littafin soyayya. Mahaifinta, Alhaji Garba, mai sayar da hatsi a kasuwar Kurfi, ya tsince shi a kan tabarma, ya buɗe tsakiya, ya faɗa kan shafin da aka bayyana abin da ke tsakanin miji da mata ba tare da sakaye ba.

Da hantsi Alhaji ya iso ɗakin karatun, shi da ƙanensa. Ya ajiye littafin a kan teburin Malam, ya danna yatsa kan hatimin ɗakin karatun.

"Malam, wannan tambarinku ne?"

"Namu ne, Alhaji."

"Ni saboda kai na bar ɗiyata tana zuwa nan. An ce mani kai ne a wurin. Ashe abin da kuke ba yara ke nan?"

Lubna ta taso za ta yi magana, Malam ya ɗaga mata hannu. Bai ce ba shi ya fito da littafin ba. Ya ba Alhaji haƙuri, ya ce an yi kuskure. Ƙanen Alhaji ya ce haƙuri ba zai wadatar ba, a fito da ire-irensa duka a cinna musu wuta a bakin ƙofa, kowa ya gani.

"Wannan kam ba za a yi ba," in ji Malam. "Akwai matan aure da ke karanta su, kuma halalinsu ne. Ban taɓa ƙona littafi ba, ba zan fara da tsufana ba. A mayar da su inda suke a da, a hannun babba."

Alhaji Garba ya dube shi kamar bai gane shi ba. Ya ce ashe shi ma yana kare abin. Suka fita ba sallama.

Bayan sun tafi, Lubna ta ce, "Baba, ka ce an yi kuskure. Shafi ɗaya ya karanta."

"Shafi ɗayan ita ma ta karanta shi."

Maganar ta bazu, har wani limami ya taɓo ta a huɗuba ba tare da ya kama suna ba. Kwamiti ya sake zama. Lubna ta roƙi a bar kantocin a buɗe, a ware na yara daban. Malam ya roƙi a dawo da kabad. Alhaji Muhammad Sani, wanda wayarsa ba ta huta ba duk makon, ya ce shi ya gaji. Ya ce duk abin da ya taɓa zama cikin kabad ɗin a kwashe shi daga ɗakin gaba ɗaya, sai an kafa masu tantancewa.

"Har na likitancin, Alhaji?" in ji Lubna.

"Duka."

Malam da Lubna suka ɗura littattafan a buhuna. Aka loda su a a-kori-kura aka kai sito a gidan shugaba. Ba a kafa masu tantancewar ba. 'Yan makarantar jinya suka zo sau biyu, suka daina zuwa. Da aka koma makaranta, kujerar Na'ima ta zauna ba kowa. Gwaggonta ta aiko cewa mahaifinta ya hana, daga makaranta sai gida, ga shi jarrabawar fita ta matso, kuma yawancin littattafan da take bita da su na ɗakin ne.

Ranar kasuwar Kurfi Malam Abdulƙadir ya hau motar haya. An matse shi a baya tsakanin wata mata mai kaji da wani buhun barkono, gwiwoyinsa suna ciwo tun kafin a bar gari. Ya sami Alhaji Garba a rumfarsa yana auna wa wani gero. Alhaji ya karɓe shi da mutunci, ya sa aka shimfiɗa masa buzu, aka kawo fura. Sai da suka gama gaisawa, suka taɓa maganar damina da tsadar taki, sannan Malam ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ce littattafan an kwashe su. Ya ce yarinyar tana da ƙoƙari, kada laifin manya ya faɗa kanta.

Alhaji ya daɗe yana juya tiya a hannu.

"Malam, ni ban yi boko ba, amma ban ƙi shi ba. Da na ƙi shi da ban tura ta ba. Abu ɗaya nike so. In kai ne za ka riƙa ba ta littafi da hannunka, kana duba abin da ta ɗauka, gobe ma ta koma."

Malam ya sunkuyar da kai. Ya so ya ce to.

"Alhaji, ƙarshen watan nan nake ajiye aiki."

"Wa za ya zauna wurin?"

"Malama Lubna. Yarinyar kirki ce, wallahi. Tana son yaran nan."

"Ban ce ba ta kirki ba ce," in ji Alhaji. "Za ta duba?"

Malam bai iya yi masa ƙarya ba. Ya ce ita tana ganin ba aikinta ba ne ta duba. Alhaji ya gyaɗa kai, ya ce to a bar maganar, Allah ya saka da alheri da tattakin da ya yi. Ya sa aka ƙulla masa gyaɗa a leda, ya rako shi har bakin titi.

Sai bayan la'asar ya iso Dutsin-Ma. Lubna tana rufe tagogi. Ta dube shi, ta gane amsar tun kafin ta tambaya.

"Bai yarda ba?"

"Bai yarda ba."

Ta zauna a kan benci, ta ce da ya gaya mata da ta bi shi, ko Alhaji zai saurare ta. Malam ya ce wataƙila. Sai ta ce za ta haɗa littattafan jarrabawar ta kai wa Na'ima gidan gwaggonta da kanta, in dai hakan bai saɓa ƙa'ida ba.

"Ke ce mai ƙa'idar yanzu," in ji shi.

Ya ajiye mata ledar gyaɗar a kan tebur, ya ce ta kai wa mahaifiyarta. Ya nemi takalmansa a bakin ƙofa, ya tafi gida a hankali, yana dafa bango inda hanya ta yi gangare.