Kujera Mara Hannu

Ranar Talata ce, ana ta yayyafi tun safe, irin wanda ba ya jiƙa mutum sosai sai dai ya ɓata masa rai, aka fitar da kujerar Baba daga falo. Mutum biyu suka ɗauke ta, ƙafarta ɗaya ta bugi bakin ƙofa. Baba na tsaye dafe da bango yana kallo.

"Ku bi ta a hankali mana," ya ce. "Ta girme ku."

Doguwar kujerar katako ce mai hannaye biyu, hannayen har sun yi sulɓi saboda dafawa. Tun da Inna ta rasu Baba ya dawo gidan babban ɗansa, wanda kowa ke kira Manaja, a kanta yake wuni jikin taga. Daga nan yake ganin titi. Daga nan yake ɗaga wa abokansa Tela da Mai Rediyo hannu, su shigo su cika falon da musu da dariya. In zai tashi, sai ya dafa hannayen nan ya ce "yauwa", gwiwoyinsa su yi ƙara, ya miƙe da kansa ba tare da ya nemi kowa ba.

Abin da ya ishi Manaja shi ne ya shigo da baƙinsa na ofis ya tarar da tsofaffi uku sun baje, takalmansu a tsakar falo. Shi ya sa ya ɗauko wata mata mai tsara ɗakuna, ya kuma kira ƙaninsa Auta, kafinta, ya riƙe mata awo.

"Ni ba zan iya buɗe baki in ce mahaifina ya bar falo ba," in ji Manaja, murya ƙasa-ƙasa.

"Ba sai ka faɗa ba, ranka ya daɗe," in ji matar. "Ɗaki ma yana da baki."

Ta nuna musu hoto a wayarta. Kujeru farare, ƙasa-ƙasa, masu taushi, babu hannu ko ɗaya. A ɗauke kafet a sa tayil mai sheƙi. Taga kuma a rufe ta da labule mai kauri har ƙasa.

Auta ya duba tsayin da ta rubuta, ya gwada a ƙafarsa.

"Madam, wannan ko gwiwata bai kai ba. Baba in ya zauna..."

"Kai kafinta ne ko likitan ƙashi?" Manaja ya katse shi. "Na ba ka aikin nan ne don ka daina yawo daga wannan shago zuwa wancan. In ba ka so, masu so suna nan."

Auta ya naɗe awonsa. Bai taɓa samun aikin da za a ce nasa ne shi kaɗai ba. Ya koma shago ya ƙera sababbin kujerun, ya sa zarto ya datse ƙafafunsu.

* * *

Ranar da aka gama, Baba ya fito daga ɗakinsa na baya yana taka tayil ɗin kamar mai tsallaka rafi. Ya tsaya ya kalli labulen da ya cinye tagarsa. Sai ya shafa farin yadin kujerar da bayan hannu.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Baba," in ji Auta daga inda yake ɗaura ƙofar kabad.

"Kai?" Baba ya yi dariya har da tari. "Yaron da ya kasa zama a aji, yau shi ke yi wa mutane wurin zama. To ai dole in ɗana."

Ya juya, ya lanƙwasa, ya saki jiki. Kujerar ta haɗiye shi. Gwiwoyinsa suka taso kusa da ƙirjinsa.

"Da taushi," ya ce. "Allah ya yi maka albarka."

Ba a jima ba shugaban Manaja na ofis ya iso da matarsa, sun zo ganin sabon falo. Aka gaisa, aka kawo lemo. Matar Manaja tana nuna fitilu, baƙuwar tana cewa kamar ba a gida ba.

Baba kuwa ya sha maganinsa na hawan jini da safe, mai sa mutum yawan zagayawa. Auta, riƙe da ƙofar kabad da hannu ɗaya, ya hango hannun Baba yana lalube a gefensa, yana neman abin dafawa. Babu. Ya dafa matashi, matashin ya nutse. Ya tokare ƙafa, silifas ɗinsa ya zame a kan tayil. Ya koma ya zauna, ya yi wa baƙin murmushi.

"Babba," ya kira Manaja a hankali.

"Ina zuwa, Baba," in ji Manaja, bai ko waiwayo ba, yana bayanin inda aka sayo fitilar sama.

Auta ya ce a ransa bari ya ƙarasa ɗaure wannan ƙusar. Baba ba zai so a ɗaga shi gaban baƙi kamar buhu ba. Yana cikin murɗawa ya ji muryar ƙaramar 'yar Manaja ta cika falon.

"Mama! Kaka ya yi fitsari a sabuwar kujera!"

 Baba ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa. Matar Manaja ce ta fara motsi.

"Ku ɗaga shi mana! Ku ɗaga shi kafin ya shiga soso!"

Auta ya saki ƙofar kabad ta faɗi. Ya sa hannu a hammatar Baba ya ɗaga shi. Bai taɓa sanin tsohon ba shi da nauyi haka ba. Suna tafiya, wandon na ɗiga a kan tayil, Baba ya ce masa a kunne:

"Ka yi haƙuri, Auta. Na ɓata maka aiki."

* * *

Washegari Auta ya zagaya bayan gida neman tsohuwar kujerar. Ruwa ya riga ya kumbura ta, gaɓoɓinta sun saki. Hannu ɗaya ma mai gadi ya cire ya tokare ƙofar ɗakin janareta da shi.

Ya koma shago ya ƙera wata, doguwa, mai hannaye, ya kawo a kansa.

"Ina za ka da wannan?" in ji matar Manaja a bakin ƙofa. "Ba ta shiga da tsarin ba. Haba Auta, kai ma ka sani."

Ya kai ta ɗakin baya. Tagar ɗakin tana kallon tankin ruwa da katangar maƙwabta. Baba na kwance, fuskarsa ga bango.

"Ajiye ta nan. Ta yi kyau," ya ce, bai juyo ba.

Tela da Mai Rediyo sun zo sau ɗaya. Aka ce su jira a falo. Tela ya zauna, da zai tashi sai da Mai Rediyo ya ja shi da hannu biyu, su duka suka kusa kifewa.

"Wannan kujera ce ko rijiya?" in ji Tela.

Babu wanda ya yi dariya. 'Yar Manaja da aka aika ɗakin baya ta dawo ta ce Kaka ya ce a ce yana barci. Suka ɗauki takalmansu a waje, inda aka ce su riƙa cirewa. Ba su sake zuwa ba.

"Ka gani ko?" Manaja ya ce wa Auta. "Shi da kansa ya zaɓi ɗakinsa. Wa ya kore shi? Ka taɓa jin na ɗaga masa murya?"

Mai tsara ɗakuna ta yaɗa hotunan falon ta wayarta, aiki ya fara zuwa wa Auta har ya kama shagon kansa. Wata rana wani mutum ya faka mota a ƙofar shagon, ya nuna masa hoton.

"Irin ta gidan Manaja nake so. Surukata ce ke wuni mini a falo." Ya kanne ido. "In da hali, ka ƙara rage mata tsayi."

Auta ya daɗe yana kallon zarton da ke rataye a bango. Sannan ya ciro awo daga aljihu ya tambayi mutumin faɗin falon.

Baba bai sake taka falon ba. Ana kai masa abinci ɗaki, ana ɗauko kwanon kusan yadda aka kai shi. Kujerar da Auta ya kai masa tana nan gefen gadonsa, an jibga mata wanki.

Abin da aka rasa ba shi da yawa: tsohuwar kujera ɗaya, taga ɗaya mai kallon titi, abokai biyu, da "yauwa" ɗin da Baba ke faɗa in zai miƙe. Farin yadin kuwa an wanke shi, ya fita tas.