Katin da Suruki Ya Kawo

Surukin Akawu ya sa farce ya zaro wata 'yar roba daga gefen tsohuwar laftof ɗin, ya hure ƙurar ramin, ya cusa katin ƙarfen da ya kawo har ya zauna daram. Kafofin USB guda biyu masu shuɗin baki suka leƙo waje.

"Shi ke nan, Baba," in ji shi, "wahalarka ta ƙare."

Abin da Akawu ke tsoro ke nan, domin wahalar ita ce aikin nasa. Bayan ya yi ritaya, ma'aikatar ta sake ɗaukarsa don ya kwashe hotunan tsofaffin takardu daga ƙananan fayafayan ajiya zuwa babban faifai guda. Takardar ɗaukarsa ta faɗa ƙarara: ranar da faifai na ƙarshe ya ƙare, ranar zai miƙa makulli. Kullum da safe sai ya jona faifai ɗaya, laftof ta ce saura awa takwas, shi kuma ya gyara zama a gefen fanka ya buɗe jarida. Saura faifai ɗari da ashirin a kabad, wato wata shida na rufin asiri. Bai taɓa son wata na'ura kamar yadda yake son wannan raguwar ba.

Laifin bakinsa ne. Shi ya riƙa kuka a gida cewa zaman jira na karya masa baya, don dai a riƙa tausaya masa. Ashe 'yarsa ta ɗauki maganar da gaske, ta kai wa mijinta mai gyaran kwamfuta, shi ko mutum ne da ba ya iya ganin abu na tafiya a hankali ya ƙyale shi.

Surukin ya saka manhajar da za ta gane katin, ya mayar da faifan biyu kan sababbin kafofin. Koren layin nan mai nuna tafiyar kwafi, wanda ya saba rarrafe, ya zabura. Saura awa biyu. Akawu ya yi lissafi a zuci, faifai huɗu a rana, wata shida ya koma mako shida. Ya ji kamar ya ce a cire katin. Amma ta yaya mutum zai dubi mijin 'yarsa, wanda ya rufe shago ya hau bas biyu, ya ce masa kwashe alherinka? Sai ya sa masa albarka, muryarsa a dushe. Surukin ya ɗauka daɗi ne ya shaƙe shi.

Ya so ya zare abin da zarar baƙon ya tafi, amma baƙon ba shi da niyyar tafiya, yana tsaye yana kallon layin kamar ɗansa ne ke gasar tsere. Ana cikin haka Darakta ya turo ƙofa. Wannan shi ne mutumin da a kowane taron ma'aikata yake dukan tebur a kan jinkirin aikin kwafi, yana rantsuwar cewa da a ƙasashen da suka ci gaba ne da tuni an manta da shi.

Surukin bai jira an tambaye shi ba. Ya bayyana yadda tsofaffin kafofin ke shaƙe gudu, yadda katin ke buɗe wa bayanai sabuwar hanya, ya kuma yi alƙawarin cewa kafin wata biyu kabad ɗin zai zama wayam. Darakta ya sunkuya, ya sa tabarau, ya karanta awa biyun sau biyu. Ya yaba ƙwarai, ya ce irin waɗannan matasa ƙasa ke buƙata, ya raka surukin har bakin ƙofa da kansa. Sannan ya dawo ya murza makulli.

Akawu ya fara tattara kofinsa da jaridarsa a zuci.

"Wa da wa suka ga wannan abu?" in ji Darakta.

"Babu kowa, ranka ya daɗe."

Darakta ya ja kujera ya zauna, abin da bai taɓa yi ba a ɗakin nan. Cikin ƙasa da murya ya ce ofishinsa, da motar da yake hawa, da sunan Daraktan ma kansa, duk na wannan aikin kwafi ne. Ranar da kabad ya zama wayam, shi ma zai koma tebur ɗaya da mutum uku a hawa na ƙasa.

Suka zuba wa koren layin ido yana cin hanya babu tausayi. Akawu ya ce ba a zare katin ana tsakiyar kwafi, sai sun jira ya gama. Darakta ya gyaɗa kai, ya cire tabarau ya goge.

"Wannan surukin naka da alama ya san aikinsa," in ji shi. "Tambayar mana shi, cikin hikima. Ba shi da wanda ke rage gudu?"