Waɗanda Suka Ɗauki Baba Abba

"Ashafa, ɗaga kafaɗarka mana! Wai kai makaho ne?"

"A'a, matuƙin jirgin sama ne," in ji Malam Ashafa yana haki. "Kai da kake zaune a kujera, taso ka ɗauka mu ji."

Duk lungun aka kwashe da dariya. Ina saman soronmu ina shanya, sai na leƙo. Makafi huɗu ne suka saɓa dogon benci a kafaɗa. An ɗaure wata ƙatuwar sifika a kai da igiya, a kan sifikar kuma an ɗora kofin silba cike da ruwa. Na biyar ɗinsu, Malam Sabo, yana gaba yana buga sanda a ƙasa, ƙwas, ƙwas, su kuma suna bin ƙarar. Baba Abba yana zaune a ƙofar gidansu, an rufa masa bargo a ƙafa duk da zafin da ake yi, ya karkata kai yana saurare.

Baba Abba maƙwabcinmu ne a Madabo, katanga ɗaya ta raba mu. Kakanninsa daga Borno suka zo tun da daɗewa. Ƙyanda ce ta tafi da idonsa yana ɗan shekara biyar. Mu muke ce masa Baba Abba, amma a rediyo da gidajen biki Abba Madabo ne, mai fiyano, wanda in aka saka waƙarsa ko tsohuwa sai ta gyaɗa kai. Ya yi wasa a Abuja, ya yi a Yamai, an nuna shi a talabijin. Shi ya haɗa kan makafi da guragu da kurame na cikin birni suka yi ƙungiya. Kwatar lungunmu ma, da a buɗe take, shi ya yi shekara uku yana waƙa a kanta har aka zo aka rufe ta da siminti. Ya tsaya a kan magina sai da suka ja layi-layi a simintin da ƙusa, don sanda ta ji gefe.

Amma wannan shekarar ciwon ƙoda ya kama shi. Ya rame har hularsa ta yi masa yawa.

"Bahijja!" ya kira ba tare da ya ɗaga kai ba. "Na ji kin daina matse wanki. Tunda kallo kike, ki yi mana aiki. Ruwan kofin nan ya zube?"

Ni ba mai magana ba ce. Har na gama sakandare akwai malaman da ba su san muryata ba. Na ja mayafi na rufe baki.

"Ya zube, Baba."

"Rabi ko duka?"

"Duka. Kofin ma ya faɗi."

"Kun ji ko? A koma farko!"

Haka suka yi ta yi kullum da hantsi, in yara sun tafi makaranta. Daga ƙofar gidansa zuwa filin masallaci sai an sha kwana sau uku, ga tudu, ga inda ba a rufe kwatar ba saboda famfo. Daga soronmu ana hango hanyar duka. Ni ce mai faɗar ruwa. Mutanen unguwa suka ce ai wani wasa zai shirya, shi ya sa ake koyon ɗaukar kayan kiɗa. Har Umma ta ce, "Mutum yana wannan ciwo bai bar zancen casu ba."

Ni dai na lura da abu ɗaya. In sun isa filin masallaci ba ajiye bencin kawai suke yi ba. Sai sun juya shi a gicciye ta gabas, su sauke a hankali, su ja da baya su tsaya a jere.

Rana ta biyar ya aiko in zo. Na same shi a zaure, fiyanonsa a gefe an rufe da zani. Na durƙusa na gaishe shi.

"Kin gane, ko?" ya ce.

Na yi shiru.

"Shirun nan naki ya fi na kowa ƙara. Kin gane."

"Makara ce, Baba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya ce, "Kin san in an ɗauki gawa, kowane namiji yana sa kafaɗa ya ɗan taka, wani ya karɓa, don a sami lada. To ni shekarata hamsin da biyu, na je jana'iza ba adadi, ban taɓa ɗauka ba. Ko Sabo, ko Ashafa. Mu a baya ake barin mu, wani yana jan mu. Ranar da mahaifinmu ya rasu ina da shekara ashirin, na laluba na kama ƙafar makarar. Yayana Bukar ya cire min hannu. A hankali ya cire, ba da faɗa ba. Ya ce, 'Abba, bari, kar a yi ɓari.'"

Ya shafa bargon da ke ƙafarsa.

"An ba ni lambar yabo a Abuja, Bahijja. Sun tafa min a tsaye. Amma hannun nan har yau ina jin inda aka cire shi. Tawa makarar dai, su za su ɗauka."

"Baba, ka faɗa wa Malam Bukar mana."

"Na faɗa. Ya ce in daina zancen mutuwa. In ranar ta zo za a ce musu ba za su iya ba. In suka ce sun iya, za a ce yo ku da ba ku gani, ina kuka san kun iya? Sai an sami mai ido. Ke ce shaidata."

"Ni, Baba? A gaban maza?"

"Ba waƙa na ce ki yi ba. Abin da kika gani kawai."

Sun yi kwana goma sha ɗaya suna yi. Rana ta goma sha biyu ba a fito da kujerarsa ba. Washegari, Talata, ina wanke-wanke da safe, na ji salatin Ya Kaka, mahaifiyarsa, ta bayan katanga. Umma ta saki tsintsiya.

Kafin a gama yi masa wanka lungun ya cika. Ban taɓa ganin mutane irin na ranar ba. Mawaƙa da gilasai, 'yan jarida, 'yan kasuwa, guragu a kan kekunansu sun yi layi har bakin titi, kurame suna magana da hannu suna share hawaye. Wani saurayi ya saka waƙarsa a waya, wani dattijo ya harare shi, ya kashe.

Muna cikin gida da mata, ni ina kusa da labulen zaure. Ina jin komai. An sa shi a likkafani, an kawo makara. Sai na ji muryar Malam Sabo.

"Malam Bukar, akwai wasiyya. Mu za mu ɗauke shi."

Malam Bukar mai sayar da littattafan addini ne, mutum mai sanyin magana. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ranar ma bai ɗaga ba.

"Malam Sabo, Allah ya saka da alheri. Na san ƙaunar da ke tsakaninku. Amma ku dubi lungun nan."

"Ai matsalar ke nan, Malam, ba ma dubawa," in ji Malam Ashafa. Wani ya fara dariya ya haɗiye.

"Ba wasa nake ba. Kowa a waje waya ce a hannunsa. In gawar ƙanina ta faɗa kwata, duniya za ta yi ta kallo har jikokinmu. Ba zan iya ba. Ku bi mu a baya, za a riƙe ku."

"Mun koya, Malam. Kwana goma sha ɗaya."

"Da sifika. Kuma wa ya gani? Ku dai kun ji a jikinku kun iya."

Na ce a raina bari in ƙirga uku. Na ƙirga uku, ban motsa ba. Na sake ƙirgawa. Sai na tuna yadda ya shafa bargon nan.

"Ni na gani."

Ban san muryar ta fita ba sai da na ga Umma ta zaro ido.

"Wace ce?" in ji Malam Bukar.

"Bahijja ce, ta gidan Malam Ɗayyabu." Na riƙe labulen da hannu biyu. "Daga soronmu nake kallo. Baba Abba ne ya sa ni. Yana ɗora kofin ruwa a kai."

"To, me kika gani, 'yata? Ki ji tsoron Allah, gawa ce a gabanmu."

"Ranar farko sifikar ta faɗi sau biyu. Rana ta biyu sau ɗaya, a wajen famfo. Malam Ashafa ne ya zame."

"Kai, yarinyar nan!" in ji Malam Ashafa. "Har da suna?"

"Rana ta huɗu rabin ruwan ya zube. Daga rana ta bakwai ko ɗigo bai zube ba. Har ranar da akuyar gidan 'Yardada ta shiga tsakanin ƙafafunsu, tsayawa kawai suka yi ta wuce. Wallahi abin da na gani ke nan."

Sai na ji an dafa kafaɗata. Ya Kaka ce, ta taso daga tabarma tana dogara bango. Ta kusa shekara casa'in. Ta ɗaga labulen da kanta.

"Bukar."

"Na'am, Ya."

"Sau ɗaya ka cire masa hannu. Na gani ranar, ban ce komai ba. Ya isa haka."

Na ga Malam Bukar ya sunkuyar da kai. Sannan ya matsa gefe, ya kama hannun Malam Ashafa, ya ɗora shi a kan ƙafar makarar.

Masu ɗauka huɗun suka miƙo sandunansu ta labule. "Ungo, shaida, riƙe mana," in ji Malam Ashafa. Na jingina su a bangon zaure kusa da ta Baba Abba, na ruga gida na hau soro.

Malam Sabo ya fito gaba. Ya buga sanda sau uku. "La'ilaha illallah." Makarar ta tashi sama a miƙe, ko karkata ba ta yi ba. Mutane suka dare, suka manne da bango. Ba ka jin komai sai ƙwas, ƙwas, da takun mutum huɗu kamar na mutum ɗaya. Kwana ta farko. Kwana ta biyu. Tudun. Na danne bakina da mayafi da suka doshi famfo. Malam Sabo ya buga sau biyu da sauri, suka rage taku, suka raɓa ta hagu, suka wuce. Wani mai ɗaukar hoto da ke tafiya da baya-baya yana ɗaukarsu, shi ne ƙafarsa ta zurma kwata har gwiwa.

"Malam, a riƙa duba hanya," in ji Malam Sabo, bai ko tsaya ba.

A filin masallaci suka juya makarar a gicciye ta gabas, suka sauke a hankali, suka ja da baya suka shiga sahu. Sahun farko.

Sauran labarin wajen Babanmu na ji, don mata ba sa zuwa maƙabarta. Ya ce bayan salla su suka sake ɗauka. A hanyar Ƙofar Ruwa makafi suka riƙa fitowa daga cikin taron, wannan ya dafa kafaɗar wannan ya karɓa, har da wani tsoho da yake kuka yana cewa yau ya fara. Masu ido suna biye, ba wanda ya yi gigin kutsawa. Sai da aka hango katangar maƙabarta Malam Bukar ya matso kusa da Malam Ashafa, ya rage murya.

"Malam, ko za a taimaka a ba ni in ɗan taɓa?"

"Ka iya dai, ko?" in ji Malam Ashafa. "Kar a yi ɓari."

Babanmu ya ce Malam Bukar ya yi dariya, hawaye na zuba a gemunsa. Ya sa kafaɗa, Malam Ashafa na riƙe da gwiwar hannunsa yana faɗa masa inda zai taka.

Bayan la'asar suka dawo, ƙafafunsu duk jar ƙasa. Ina zaure ina jiran su da butar ruwa. Ba sai na miƙa wa kowa sandarsa ba. Kowannensu ya shafa sandunan ya zari tasa, wannan ta wajen tsagewar hannu, wancan ta wajen robar da ya naɗa. Malam Sabo ya tsaya a bakin ƙofa.

"Shaida, ruwan ya zube?"

"Ko ɗigo, Malam."

Ya gyaɗa kai, suka fita a jere, ƙarar sandunansu tana nisa a kan simintin lungun. Sanda ɗaya ta rage a jikin bango, kusa da fiyanon da aka rufe da zani. Wajen riƙonta ya yi sumul, yana ɗan sheƙi a hasken da ke shigowa ta ƙofa.