Ƙanin Michelo Yana Baya da Awa Huɗu

Da ƙarfe tara da minti goma na safiyar Laraba, Madam Namakau ta share sakamakon jarrabawar mutum dubu tamanin da ɗoriya da yatsa guda, kofin shayin da ke ɗaya hannunta ko girgiza bai yi ba.

Ofishin nasu yana hawa na uku a wani tsohon bene a tsakiyar Lusaka, aikinsa ajiye sakamakon ɗaliban kwalejojin malamai da na jinya masu zaman kansu. Ita ce shugabar rumbun bayanai, shekara goma sha ɗaya ke nan, kuma ba a taɓa kama ta da kuskure ko na waƙafi ba. A ranar tagogi biyu ta buɗe a kwamfutarta, ɗaya ta rumbun gwaji da ake wasa da shi, ɗaya ta rumbun gaske. Na gwaji ta yi niyyar sharewa. Duk wanda ke sana'ar nan ya san wannan kuskuren, ita kanta tana koya wa sababbin ma'aikata shi, har da kaɗa yatsa.

Na'urori uku ke riƙe da rumbun. Akwai babba, wadda ake rubuta komai a cikinta. Akwai ta biyu, mai kwafe duk abin da babbar ta yi nan take, don haka ita ma ta share nata kafin Madam ta ajiye kofi. Biyayyar banza ke nan. Sai ta uku, wadda Namakau ta ɗaure wa ƙafa da gangan. Duk umarnin da aka ba babba, sai ya yi awa huɗu a layi kafin ta aikata shi. A cikinta har yanzu ƙarfe biyar ne na asuba, kowane ɗalibi yana nan da makinsa. Umarnin sharewa zai isa gare ta ƙarfe ɗaya da minti goma. Abin da ake bukata kawai shi ne a tsayar da ita kafin lokacin.

To, a nan gizo ke saƙar. Shekara bakwai da suka wuce mataimakinta, Michelo, ya goge sunayen kwaleji ɗaya tak, aka yi mako uku ana sake shigar da su daga takarda. Bayan wannan ne ta kafa na'urar mai jinkiri, ta raɗa mata suna Ƙanin Michelo, wai ai gida ɗaya suka fito, komai sai an gama su iso. Ita Baloziya ce, daga mutanen bakin kogi, shi Batonge, daga masu kiwon shanu, kuma tsakanin ƙabilun nan biyu akwai wasan taubasantaka, kowa na iya faɗa wa kowa magana son ransa ba a riƙe. A bayan wannan wasa ta laɓe ta yi shekara bakwai tana yanka shi. Sunan ya bi na'urar har cikin takardun ofis. Kuma don kada wani mai hannun ƙaiƙayi ya taɓa ta, ta kafa doka cewa ba a shiga cikinta sai da kalmomin sirri biyu, nata da na mataimakinta. Da hannunta ta rubuta dokar, ta bi darakta har mota ya sa hannu.

Michelo kuwa ga shi can, taku shida daga teburinta, yana gyara wa wata kwaleji suna, yana ɗan waƙar coci ƙasa-ƙasa.

Ta dube shi ta cikin gilashi. Mutum ne mai ƙiba, mai sanyin tafiya, ya kusa hamsin, an tsallake shi a ƙarin girma sau biyu saboda abin nan na shekara bakwai. Ba abin da ya fi sauƙi irin ta tashi ta ce masa zo. Amma wanzami ba ya son jarfa. Ta ce a ranta ai akwai lokaci, ita ce ma ta sayi lokacin.

Ta fara da ajiyar mako, wadda ake kwafewa duk Lahadi. Ta yi awa ɗaya da rabi tana jiran ta buɗe, tana murmushi ga duk wanda ya leƙo. Da ta buɗe sai ga ta rabi, ashe an ɗauke wuta ranar Lahadin tana tsakiyar kwafewa, janareta bai tashi da wuri ba. Rahoton haka yana cikin saƙonninta tun Litinin, Michelo ne ya aiko, ba ta buɗe ba domin sunansa ta gani a kai.

Sannan ta gwada zagaye dokarta. Ta bi ta nan, ta bi ta can, duk ƙofar da ta taɓa sai ta tarar ita ce ta toshe ta, kuma ta toshe ta da kyau. Rabon da ta yi alfahari da aikinta ta kuma tsane shi a lokaci guda har ta manta. Agogo ya ce sha ɗaya da rabi. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ba ta ji ba tun tana ɗaliba.

Sha biyu saura ta sauka ƙasa don ta sha iska, sai ta ji murya a teburin karɓar baƙi. Wata mata ce da zane daure a kan siket, jakar leda a hammata, ta kwana a motar Mongu, can yankin su Namakau, don ta karɓi takardar sakamakonta, an kira ta aiki a wani asibiti.

"Mama, na duba sau uku," in ji ma'aikaciyar teburin. "Babu sunanki. Kin tabbata kin gama makarantar kuwa?"

"Shekara uku na yi, 'yata. Da goyo na rubuta jarrabawar ƙarshe."

"To na'ura dai ba ta san ki ba."

Matar ba ta yi faɗa ba. Ta tsaya tana juya katin makarantarta a hannu, kamar ita ma ta fara shakkar kanta. Kunya ta rufe Namakau tun daga kai har ƙafa. Ta matsa ta yi mata magana da harshen gida, ta ce ta zauna, kada ta je ko'ina, na'ura ce ke ciwon kai. Ta hau sama da sauri, ta tarar kujerar Michelo wayam, ya tafi cin abinci.

Ta same shi a rumfar da ke bayan tashar ƙananan motoci, ya naɗe hannun riga, ga nshima, tuwon masararsu, tana tururi, ga ƙananan kifi soyayye da ganyen kabewa. Shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa taka rumfar ba. Ya ɗago ya gan ta, lomar ta tsaya a hanya.

"A'a, 'yar kogi, yau ambaliya ce ta koro ki tudu? Zauna, ga danginki nan a faranti."

"Mai shanu, tashi mu je. Ina son kalmarka ta sirri."

"Ta wace ƙofa?"

"Ta ƙaninka."

Ya ajiye lomar. Ya dube ta, ya dubi agogon hannunsa.

"Wa ya yi ɓarna?"

"An share teburin sakamako."

"An share. Shi ya share kansa ke nan? Ko iska ce ta shigo ta taga?"

Masu cin abinci a bencin suka rage tauna. Mai rumfar ta tsaya da muciya a hannu. Namakau ta ga dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Ni ce. Na ɗauka tagar gwaji ce."

"Da ƙarfe nawa?"

"Tara da minti goma."

"Tara." Ya sake duban agogo. "Madam, yanzu sha biyu da minti ashirin da biyar. Ina zaune a gabanki tun safe, har ruwan zafi na miƙa miki."

Ta jira sauran. Ta san abin da ita za ta faɗa da ita ce a bencin, ta ma tanadi irinsa da yawa. Shi kuwa sai ya jawo kwanon ruwa ya wanke hannu, yatsa bayan yatsa, ya ce wa mai rumfar ta rufe masa abincin zai dawo. A hanya tambaya ɗaya ya yi mata, ko ta taɓa wani abu bayan sharewar. Ta ce a'a. Ya ce madalla, shi a nasa lokacin sai da ya ƙara ɓata wasu biyu garin gyara. Da zagin ta ya yi da ya fi mata sauƙi.

Lif ya lalace kamar kullum, suka hau da ƙafa, yana haki. Ɗaya saura minti goma suka tsayar da na'urar, ita ta buga kalmarta, shi ya buga tasa. Sannan suka sake ta tana tafiya a hankali, umarni bayan umarni, daga tara saura minti goma zuwa tara, zuwa tara da minti tara, suka tsayar da ita taku ɗaya kafin ramin. Michelo ne ya karanta lambar wurin tsayawa, ita ta maimaita, ya sa ta sake maimaitawa. Ba ta yi gardama ba. Kafin ƙarfe uku komai ya koma babbar na'ura, ko maki ɗaya bai ɓata ba. Da kanta ta sauka da takardar matar Mongu ta miƙa mata da hannu biyu.

Tsayar da na'urar kan aika saƙo ga darakta kai tsaye, wannan ma dokarta ce. Ƙarfe huɗu Dakta Kapembwa ya tara shugabannin sassa a ɗakin taro. Mutum ne mai son jawabi, wanda ya yi shekara bakwai yana tambayar me ya sa ake ciyar da na'urar da kullum take makara. Yau kuwa sai ga shi yana cewa shi dama tun farko ya ga hikimar abin, sauri ai shi ya haifi nawa. Aka tafa wa Madam Namakau. Aka kawo lemo da biskit.

"Saura abu ɗaya," in ji shi. "Ba don hukunci ba, don darasi. Hannun wa ya zame?"

Ba wanda ya ambaci suna. Kawunan dai suka juya gefe guda, a hankali, kamar shanu sun ji motsin ɗan kiwo. Michelo yana kallon kwalbar lemonsa.

Namakau ta miƙe. Ta riga ta faɗa sau ɗaya a gaban masu cin nshima, ta ga ba ta mutu ba.

"Ni ce, Dakta. Ni na share, kuma na yi awa uku ina ɓoyewa. Michelo ne ya fitar da mu."

Sai Dakta Kapembwa ya cire tabarau, ya girgiza kai cike da sha'awa.

"Kun gani? Wannan shi ne shugabanci. Uwa ta gari ita ke ɗaukar laifin 'ya'yanta. Ku koya."

"Ba ɗauka na yi ba, nawa ne. Akwai rajistar na'ura, sunana ne a ciki, bari in buɗe muku."

"Haba Madam, ba sai mun tona ba. Mun san ki, shekara goma sha ɗaya." Ya juya da fara'a. "Michelo, ka gode wa Allah da ya ba ka shugaba irin wannan. A dai riƙa kula, ka ji? Girma ya fara kama mu duka."

Shugabar sashen ma'aikata ta rubuta wani abu a littafinta. Wani daga baya ya ce ashe ƙanin ya fi wan hankali, aka yi dariya, irin dariyar da Namakau ta koya musu da bakinta. Ta sake cewa ita ce, da ƙarfi wannan karon, sai aka sake tafa mata.

Da aka watse ta tarar da shi a teburinsa yana saka kwamfuta a jaka.

"Zan rubuta a takarda," ta ce. "Zan haɗa da rajistar, in aika wa kowa."

"Rubuta mana, 'yar kogi. Za su ce kin iya rufa asiri har da hujja." Ya rataya jakar a kafaɗa, ba fushi a fuskarsa, gajiya ce kawai. "Shekara bakwai kika yi kina gina mini wannan suna, kuma kin san ke ba kya gini ya rushe."

Ya ce mata sai da safe, zai biya rumfa ya ga ko an ajiye masa abincinsa. Ta tsaya a bakin ƙofa tana jin saukarsa a matakala, hawa uku, a hankali, yana hutawa a kowane hawa.