Marfin Kwalba Arba'in

Addar da Doña Eufemia ta yi shekara talatin tana saran rake da ita a Consuelo, ita ce yau naɗe cikin tsumma a ƙarƙashin bencin da take zaune. Tun jiya labari ya zaga unguwa cewa Cheo Valdez zai zo filin bayan coci ya duba wani yaro. Cheo dillalin yara ne. Yakan kwashe su tun suna ƙanana ya horar da su ƙwallon sanda, wasan da wani ke jefa ƙwallo wani ya buge ta da sanda, wanda ya yi kyau ya sayar wa manyan ƙungiyoyi, sauran ya tofar da su kamar raken da aka gama tsotsa.

Jikanta Wilkin yana cikin waɗanda aka tofar. Shekara uku ya yi a hannun Cheo yana jifa safe da yamma, in hannu ya kumbura a ɗirka masa allurar dawaki a ce ya ci gaba. Ya dawo mata yana da shekara goma sha shida, gwiwar hannunsa na dama ba ta miƙewa. Ta kai ƙara, aka ce ta kawo shi a rubuce, ita da ko sunanta ba ta iya rubutawa. Ta je gidan Cheo, ya sakar mata kare. Wilkin kuwa ya koma dambe a bakin shago, yau ya fasa wa wannan kwalba a ka, gobe a je belinsa. Sai da fadan cocinsu ya damƙa masa yaran unguwa ya riƙa koya musu, ba ko peso ɗaya, sannan ya fara tashi da safe ba zagi a bakinsa.

Doka ɗaya ya kafa. Duk yaron da zai yi jifa, Wilkin zai zuba marfin kwalba arba'in a aljihun kansa, kowane jifa ya saki ɗaya cikin gwangwani. Marfi ya ƙare, jifa ya ƙare, ko da uban yaro ne ya zo roƙo.

Cheo ya iso da hantsi, shi da ƙatti biyu a kan babura. Yaron da ya zo gani Nelfi ne, ɗan shekara goma sha ɗaya, siriri kamar tsinke, amma in ya saki ƙwallo har fito take yi. Cheo ya tsaya yana kallo yana lashe baki har marfi na ƙarshe ya faɗa gwangwani. Ya ce yaron ya ƙara ashirin, kuma ya murɗa hannu, yana so ya ga yadda ƙwallon ke lanƙwasa. Wilkin ya zazzage wa Cheo aljihunsa, babu ko marfi ɗaya.

"Kai, mai shanyayyen hannu," in ji Cheo, "yaushe ka zama likita?"

Ya wanka wa Wilkin mari. Sandar wasa tana hannun hagu na Wilkin, kuma Eufemia ta san wannan kallon da ya yi. Zuciyarta ta yi fari. Ta ce a ranta, fasa masa kai, ɗan albarka, ni zan kwana a gidan yari a madadinka.

Wilkin ya waiwaya ya dubi yara ashirin da suka yi cirko-cirko. Ya ajiye sandar a ƙasa, ya shiga tsakanin Cheo da Nelfi.

Ƙattin suka rufe shi. Ɗaya ya naushe shi a ido, ɗaya ya kwashe masa ƙafa, suka bi shi da takalmi a haƙarƙari da baki har haƙori ya faɗo cikin ƙura. Nelfi ya ɗauki ƙwallo yana kuka, ya ce zai jefa, a bar malaminsa. Daga ƙasa Wilkin ya tofar da jini ya ce masa, "Ajiye ƙwallon nan."

Eufemia ta kwance tsummanta. Masu saran rake sun san yadda ake dukan mutum da faɗin adda: ba zai mutu ba, amma sai ya yi mako yana kwana rub da ciki. Ta shimfiɗa wa Cheo ita a gadon baya, ƙarar ta kai har ƙofar coci. Ƙattin suka ja da baya, don duk wanda ya tashi a gonar rake ya san wannan ƙarar.

"Wannan ta allura ce," ta ce. Ta ƙara masa, ya durƙusa. "Wannan ta kare."

Sai ta juya kaifin. Ta taka wuyan hannunsa na dama, ta auna gwiwar, ta ɗaga. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Hannu ya riƙe ta. Shanyayyen hannun ne, iyakar inda yake kaiwa ke nan.

"Kaka, suna kallo."

"Su kalla. Su ga yadda ake biyan hannu da hannu."

"Duk abin da na yi a gabansu, gobe shi suke yi. Har tafiyata suke kwaikwayo."

Ta dube su. Ba tsoro ta gani a idonsu ba. Yadda suke ƙura wa yatsun Wilkin ido in yana nuna musu riƙon ƙwallo, haka suka ƙura wa riƙon addarta. Wani ƙarami har ya ɗaga sandarsa sama yana gwadawa.

Ta sauke hannu. Ta tofa wa Cheo yawu a ƙeya ta ɗage ƙafarta. Ya hau babur a karkace, yana rantsuwa cewa 'yan sanda za su zo su ɗauke ta kafin rana ta faɗi. Ta ce sun san gidan, ai ta sha yi musu kwatance.

Wilkin ya bi ƙura yana tsince marafan da suka watse daga gwangwani, ya goge su da rigarsa. Idonsa ɗaya ya rufe ruf. Ya kira yaro na gaba ya fito, sannan ya zuba marafan a cinyar kakarsa, ya ajiye mata gwangwani, ya ce yau ba ya gani sosai, ita za ta ƙirga.

Ta dubi hannun nasa, yana nan a lanƙwashe yadda Cheo ya bar shi. Ta tura addar ƙarƙashin benci da diddige. Yaron ya ɗaga ƙafa, ya saki ƙwallo.

"Ɗaya," ta ce, kamar mai zagi, ta wurga marfin cikin gwangwani.