Bangon Silinda

Garejin na Yaya ne, haka ɗakin da ke bayansa, haka katifar da ke cikin ɗakin. Auta, ƙanensa, hannuwansa kaɗai ya mallaka a wurin, kuma da su yake ci. Shi ya sa ranar da Yaya ya turo babur ɗin ɗansa Dogo har gaban teburin aiki ya ce, "A ƙara masa ciki," wato a faɗaɗa ramin silindar injinsa don ƙarin ƙarfi, Auta bai ce uffan ba sai da ya kwance injin.

Ɗan babur ne na tseren daji, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, ga rashin nauyi ga tsiwa. Dogo ke hawansa a gasa, kan tuddai da kwazazzabai, Yaya kuwa ke karɓar barka. An riga an rarake silindar a baya, aka sa mata fistan mai faɗi, aka kuma sake rarakewa. Auta ya ɗaga ta ga hasken ƙofa, ya ƙwanƙwasa da sifana. Bangon ya yi siriri, sautinsa kamar na gwangwanin madara.

"Yaya, wannan ta gama," in ji shi. "In na ƙara cin ta, tsagewa za ta yi. Kuma ba a nan za ta tsage ba, sai yaron yana tsakiyar gudu."

"Kai dai tun kana goye tsoro ya yi maka yawa," Yaya ya ce. "In ba za ka iya ba, faɗa mini. Makanikai ba su ƙare ba, kuma duk wanda na kawo zai so ɗaki."

Ba ɗakin ne kaɗai ya tsaya wa Auta a wuya ba. Ya san duk bakaniken da za a kawo, rarake silindar zai yi, ko a jikinsa, don Dogo ba ɗan wansa ba ne.

Sai ya yi dabara. Ya ɗauko wata matacciyar silinda daga kwandon tarkace, ya ɗaura ta a injin rarakewa, ya bar shi yana ta kururuwa don Yaya ya jiyo daga ofis. Ta Dogo kuwa gogewa kawai ya yi mata, ya sa wa fistan sababbin zobba, ya wanke kafireta, ya zare abin rage ƙara daga salansa, wato bututun hayaƙi. Da ya buga kik, sai da kwanon rufin garejin ya amsa. Yaya ya fito yana washe baki, don shi a wurinsa ƙara ita ce ƙarfi.

Dogo ya hau, ya zaga filin bayan gareji, ya dawo ya cire hular kwano. Ya matso kusa da Auta, ya yi ƙasa da murya.

"Baffa, ba ka taɓa silindar nan ba."

Auta ya saci kallon Yaya.

"Na gode," in ji Dogo. "Wallahi tun rarakewar baya nake tsoron babur ɗin nan. Ban dai san ta inda zan gaya wa Baba ba."

Tausayi ya kama Auta. Sai ga Yaya ya ƙaraso.

"Ya ka ji shi?" ya tambayi Dogo.

"Ya ƙaru, Baba. Sosai ma."

"Madalla! To ai ka bar ajin ƙananan babura ke nan. Tunda ciki ya ƙaru, doka ba ta yarda ka yi tsere da su ba. Na riga na gaya wa masu gasa su sa ka cikin manya."

Auta ya san hanyar manya. A tsakiyarta akwai wani kwazazzabo mai faɗi da ake tsallakewa a sama, ƙananan babura kuwa zagaye shi ake sa su yi, don ba su da ƙarfin kaiwa ɗaya gaɓar. In ya faɗi gaskiya, kafin yamma silindar tana hannun wani bakanike. In ya yi shiru, ga kwazazzabo.

Yaya ya koma ofis yana kiran abokansa a waya. Dogo ya tsaya yana murza igiyar hularsa.

"Baffa," ya ce, "in na taho da gudu tun daga nesa, zai tsallake, ko?"

Auta ya dubi babur ɗin, ya dubi ƙofar ofis.

"Ba zai tsallake ba," ya ce.