Kokon Mma Fulera

Seidu yana cikin ja wa shafi na huɗu layi da jan biro, sai ga Kawu Osman ya cika ƙofar ɗakin awo da tumbinsa.

"Ɗana, godiya na zo yi maka. Yau kwana tara ban sha ƙwayar hawan jini ba."

Biron ya tsaya cak. Seidu nas ne a wani ƙaramin asibiti a Maamobi, aikinsa awon hawan jini. Watan jiya aka tura shi bitar kwana biyu kan yin magani da hujja, ba da "na ji an ce" ba, kuma tun da ya dawo ba wanda ya huta. Ko matarsa ta ce gishiri ya yi yawa a miya, sai ya tambaye ta mutum nawa suka ɗanɗana. Ya sayi littafi, duk wanda ya auna sai ya rubuta abin da ya karya kumallo da shi. Da ya kai mutum sittin, lissafi ya fito fes: masu shan kokon Mma Fulera, mai sayarwa a bakin get, jininsu ya fi na sauran sauka da maki goma sha biyu. Daɗi ya kwashe shi, ya je ya fesa wa kawunsa a wajen suna.

"Kawu, ai ban ce ka bar magani ba."

"Ka ce lissafi ya nuna. Ni mahauci ne, na san sikeli ba ya ƙarya. Kofi uku nake sha kullum, da koose. Ya yi aiki paa, sosai da sosai."

Seidu ya naɗa masa abin awo a hannu. Ɗari da tamanin da huɗu. Irin lambar nan ce ta kwantar da mahaifiyarsa, yayar Kawu, da shanyewar ɓarin jiki.

"Injinku ne ya lalace," in ji Kawu. "Kuma yau ban sha kokon ba tukuna."

Seidu ya suri littafin, sai ofishin Dokta Basma, babbar likitar asibitin. Ta bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, ba ta yi dariya ba, abin da ya fi dariyar ciwo.

"Mutum sittin, madalla. Wa ya raba su gida biyu, kai ko su da kansu?"

"Su da kansu, Dokta."

"To. Je ka sayo min koko. Kada ka tsallake layi."

Ya fita yana ƙunƙuni. A bakin get, ƙarƙashin dogon yaro, mutum takwas na jere a kan dogon benci.

"Mma, na Dokta ne, sauri nake."

"Zauna, nas. Nan ba a ba mutum a tsaye, ko Dokta ce ta zo da kanta."

Ya zauna. Mma Fulera ba ta zuba wa kowa sai ta gama tambayar gidansu kaf, har da jikar da ta yi aure a Kasoa. Sannan ta juya koose a mai, ɗaya ɗaya, kamar mai yi musu wanka. Minti goma, minti ashirin. Iska na kaɗawa, Seidu ya ji kafaɗunsa sun sauka, har ya yi hamma.

Sai ga motar haya, trotro, ta tsaya. Wata mata ta diro tana zagin kwandasta da Twi da Hausa a haɗe, ta tsallake kwata, ta haye matakala tana haki, kai tsaye zuwa ɗakin awo. Irin su yake aunawa nan take, don layi ya ragu. A bitar an ce a bar mutum ya huta minti biyar kafin awo. Har da jan biro ya rubuta wannan a lokacin.

Ya koma da kokon, kunya ta ishe shi.

"Dokta, benci ne, ba koko ba."

"Wataƙila. Shi ma sai an gwada." Ta kurɓa. "Amma ƙwayar kawunka an gwada ta a kan dubban mutane, kuma ƙuri'a ce ta raba su, ba son koko ba. Karɓo masa ita, in gan shi jibi."

Seidu ya kai Kawu benci, ya bar shi ya sha, ya huta, ya sake aunawa a wurin. Ɗari da saba'in da biyu.

"Ka gani? Ya sauka."

"Zama ne ya rage wannan ɗan, Kawu, ba koko ba. Sauran na ƙwaya ne. Ni na yi kuskure. Ba na so ka kwanta yadda Mma, yayarka, ta kwanta."

Ya miƙa masa kwalin maganin, Kawu ya daɗe yana kallon ƙwayar. Ya jefa ta baki, ya bi ta da koko, ya cusa kwalin a aljihu. Sannan ya shafa katakon da yake zaune a kai, ya ƙwanƙwasa shi.

"Fulera, wane kafinta ya yi wannan benci?"

Seidu ya buɗe baki, ya dubi aljihun Kawu, ya haɗiye abin da zai ce.

"Zan nemo maka shi, Kawu. Amma sai da ƙwaya yake aiki."

Kawu ya gyaɗa kai, ya ce dama shi ma ya yi zargin haka.